Ba Jini, Ba Magani: Tarihin Kulozafin da Fararen Ƙwayoyin Jini

A cikin dubban magungunan da asibitoci ke bayarwa, akwai guda ɗaya da aka shafe fiye da shekara 30 a ƙasashe da dama ba a damƙa wa majiyyaci shi sai ya fara miƙa hannu an ɗebi jininsa. Sunansa kulozafin. Magani ne na taɓin hankali mai tsanani da likitoci ke kira sikizofiriniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da ba wanda ke jin su sai shi, ya riƙa zargin ana bibiyarsa, ya janye jikinsa daga mutane. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ke fama da shi, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku nasu magungunan da aka saba ba sa yi musu aiki. A wurin irin waɗannan babu maganin da ya kama ƙafar kulozafin. Sai dai kuma shi ne ya fi kowane maganin taɓin hankali ƙaurin suna wajen karya fararen ƙwayoyin jini. Wannan illa ta kashe mutane, tsoronta kuma ya hana wasu da yawa samun sauƙi, kuma baƙar fata na cikin waɗanda suka fi cutuwa.

Ciwon da ya riga maganin zuwa

A cikin jinin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi iri-iri, amma waɗanda suka fi yawa su ne ake kira nutirofil. Su ne ke fara tarar ƙwayoyin cuta da zarar sun shigo jiki. Ba sa daɗewa a cikin jini, shi ya sa ɓargo ke ƙera kimanin biliyan 100 nasu a kowace rana. Ana ƙirga su a cikin maikurolita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Idan adadinsu ya gaza 1,500, littattafan likitanci sun ce sun yi ƙasa. Idan ya gaza 500, jiki ya rasa garkuwa, ƙwayar cutar da ke zaune lafiya a baki ko a hanji tana iya kwantar da mutum cikin 'yan kwanaki.

A 1922 wani likita a Balin, Werner Schultz, ya bayyana wasu marasa lafiya da suka zo masa da zazzaɓi mai zafi da gyambo a maƙogwaro, suka mutu cikin gaggawa. Da aka duba jininsu sai aka tarar nutirofil sun ɓace kusan ƙaf. Sai a farkon shekarun 1930 likitoci a Amurka suka gano cewa magani ne ke jawo abin a lokuta da yawa, musamman aminofairin, wani maganin ciwon kai da zazzaɓi da ake sha barkatai a zamanin. Ɗan'uwansa ne Novalgin, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayarwa a Najeriya.

Saboda haka, lokacin da maganin taɓin hankali na farko ya bayyana, an riga an san wannan illa. A ƙarshen 1950 Paul Charpentier ya haɗa kulofuromazin a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne da ke Faris, suka ga mutanen da ake ɗaurewa sun natsu sun soma magana da hankali. Shi ne Largactil da asibitocinmu suka sani har yau. Ba a yi shekaru ba rahotanni suka fara fitowa cewa shi ma yakan karya fararen ƙwayoyin jini a jikin wasu 'yan tsiraru, har wani likita a Milwaukee, Anthony Pisciotta, ya shafe shekaru yana nazarin abin. Amma da yake ba kasafai yake faruwa ba, hankalin likitoci ya fi karkata ga wasu illolin da kowa ke gani da ido: sandarewar jiki, karkarwar hannu, jan ƙafa, da motsin baki da harshe da kan zame wa mutum na dindindin.

Maganin da aka raina

A 1958 masu bincike a kamfanin Wander da ke Bern a Suwizalan, kamfanin da ya ƙirƙiro Ovaltine, suna neman sabon maganin ciwon damuwa. A cikin sinadaran da suka haɗa har da kulozafin. Bai yi aikin da aka nema ba, amma ya nuna alamar kwantar da taɓin hankali, kuma ba ya sandarar da jiki. Wannan alheri shi ya zame masa cikas. A lokacin, manyan malaman fannin sun yi imani cewa duk maganin da bai sa jiki ya sandare ba, to bai kai ga ƙwaƙwalwa ba. Wani likitan Jamus, Hans-Joachim Haase, har gwajin rubutun hannu yake yi wa marasa lafiya: sai ya ga rubutu ya fara ƙanƙancewa sannan ya yarda magani ya kama. Da irin wannan fahimta, kulozafin ya zauna shekaru ba a ɗauke shi da muhimmanci ba.

Likitoci kaɗan ne a Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka tsaya masa, a gabansu akwai Hanns Hippius. Sun ga marasa lafiyar da aka fid da rai da su suna farfaɗowa. A 1967 Wander ya shiga ƙarƙashin kamfanin Sandoz. A 1972 aka fara sayar da maganin a Suwizalan da Ostiriya da sunan Leponex, Jamus ta Yamma ta biyo baya a 1974, sannan Finlan a farkon 1975.

Abin da ya faru a Finlan

Likitocin Finlan sun rungumi sabon maganin hannu biyu-biyu. Cikin watanni kaɗan an ba kimanin mutum 3,000. Zuwa tsakiyar shekarar sai labarai suka fara taruwa daga asibitocin kudancin ƙasar: majiyyaci ya tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, kafin a ankara cuta ta shiga jini. Mutum 16 nutirofil ɗinsu suka ƙare, 8 daga ciki suka rasu. Hukumar lafiya ta ƙasar ta dakatar da maganin, kuma a watan Satumba na 1975 Juhana Idänpään-Heikkilä da abokan aikinsa suka sanar da duniya a mujallar Lancet.

Ƙasashe suka bi sahu suna janye shi ko suna taƙaita shi, kamfanin kuma ya tsayar da binciken da yake yi. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma tun daga wannan shekara haka likitoci da yawa suka zama game da kulozafin. Amma janyewar ta zo da nata bala'in. Mutanen da suka samu kansu suka koma gida, da aka raba su da maganin, ciwo ya dawo musu, wasu fiye da yadda yake a da. Hippius da takwarorinsa suka matsa wa Sandoz lamba, har aka bar maganin a Jamus da wasu ƙasashe bisa sharaɗin a riƙa gwada jini.

A wannan tsakani aka koma aka bi bayanan waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, aka fito da darussa biyu da suka zama ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Na farko, haɗarin yana da lokacinsa: mafi yawan waɗanda ya kama, a cikin makonni 18 na farko ya kama su. Na biyu, idan aka gano faɗuwar ƙwayoyin kafin cuta ta shiga aka tsayar da maganin, ɓargo yakan farfaɗo cikin mako biyu zuwa uku. Abin da ke kisa shi ne jinkirin ganowa. Daga baya masana irin su Jack Uetrecht a Toronto suka nuna cewa nutirofil ɗin da kansu ne ke sarrafa maganin ya zama wani sinadari mai maƙalewa a jikinsu, wasu binciken kuma suka danganta illar da wasu ƙwayoyin gado na garkuwar jiki. Duk da haka har yau babu gwajin da zai faɗa tun farko cewa wane zai kamu, wane ba zai kamu ba, shi ya sa ƙirgen jini ya zama dole.

Dawowarsa da sharaɗi

A shekarun 1980 asibitocin Amurka na cike da mutanen da aka gwada musu kowane magani bai yi ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta gindaya wa Sandoz sharaɗi mai tsauri: magani mai irin wannan haɗari ba zai samu izini ba sai an tabbatar ya fi na da, kuma a jikin waɗanda na da ya gagara. John Kane, Gilbert Honigfeld, Jack Singer da Herbert Meltzer suka jagoranci gwajin a cibiyoyi 16. Suka ɗauki mutum 268 da magunguna da dama suka kasa, aka raba su gida biyu. Bayan mako shida, kashi 30 cikin ɗari na masu shan kulozafin sun samu sauƙi a fili, a ɓangaren kulofuromazin kuwa kashi 4 ne kacal. An buga sakamakon a 1988, FDA ta amince a 1989, kuma a watan Fabrairu na 1990 aka fara sayar da shi da sunan Clozaril. Birtaniya ma ta fara a wannan shekara.

A nan aka kafa ƙa'idar da ta zama take: ba jini, ba magani. Kowane mako sai an ɗebi jini, sai sakamako ya fito lafiya kafin a ba da ƙwayoyin mako mai zuwa, kuma akwai rajista ta ƙasa baki ɗaya don kada a sake ba wanda ya taɓa kamuwa. A Amurka kamfanin ya haɗe maganin da gwajin a ƙunshi ɗaya mai kuɗi kusan dala 9,000 a shekara, abin da ya fi ƙarfin talaka da asibitocin gwamnati. Jihohi fiye da 20 suka maka shi a kotu, a 1991 ya raba gwajin da maganin, a 1992 kuma aka sasanta ƙarar a kan dala miliyan 20. A Birtaniya aka tsara sakamako kala uku: kore a ci gaba, ruwan ɗorawa a ƙara sa ido, ja a tsaya nan take.

Tsarin ya yi aiki. A 1993 José Alvir da abokan aikinsa suka bi mutum 11,555 a Amurka: 73 suka kamu da ƙarewar nutirofil, wato kimanin 8 cikin 1,000 a shekarar farko, mutum 2 suka rasu. Cikin shekara biyar na farko an ba mutum 99,502 maganin, 382 suka kamu, 12 suka rasu. A Finlan rabin waɗanda suka kamu ne suka mutu, a nan kuwa kimanin 3 cikin ɗari. A 1991 kuma aka samu allurar filgirastim mai zaburar da ɓargo, wadda ke gajarta kwanakin haɗari.

Alherin maganin ma ya ƙara fitowa. Wani gwaji a kan mutum 980 a ƙasashe da dama ya nuna yana rage yunƙurin kashe kai, FDA ta amince da shi don wannan a ƙarshen 2002. A 2009 Jari Tiihonen ya buga nazarin mutum 66,881 masu sikizofiriniya a Finlan na tsawon shekara 11, ya tarar masu shan kulozafin ne suka fi ƙarancin mace-mace a cikin masu shan manyan magungunan da ya kwatanta. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magungunan da bai kamata a rasa su ba. Amma tsoro bai gushe ba. Wani nazari a kudancin Landan a 2012 ya nuna cewa ana ɓata kimanin shekara huɗu bayan mutum ya cancanci maganin kafin a fara ba shi. Shekara huɗu ke nan na zarya tsakanin gida da asibiti, na rasa aiki da karatu, wani lokaci har da aure.

Ma'aunin wasu, jinin wasu

A nan ne tarihin ya iso ƙofarmu. Adadin da aka ɗauka a matsayin lafiyayyen jini daga jikin Turawa aka samo shi. Alhali tun 1941 an lura a Amurka cewa ma'aikata baƙar fata masu ƙoshin lafiya fararen ƙwayoyin jininsu ba su kai na Turawa yawa ba. A 1971 Shaper da Lewis suka ba da rahoton irin haka daga Yuganda, suka ce abin gado ne.

Sirrin yana cikin wani rukunin jini da ake kira Duffy, wanda aka gano a 1950. A 1955 aka lura cewa mafi yawan baƙar fata ba su da wannan alama a kan jajayen ƙwayoyin jininsu. A tsakiyar shekarun 1970 Louis Miller ya nuna cewa rashinta kariya ce daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai suna baibas, wanda ke bi ta wannan alama ya shiga ƙwayar jini. Sai a 2008 da 2009 masana ƙwayoyin gado, ciki har da David Reich, suka tabbatar cewa wannan gadon dai shi ne ke sa adadin nutirofil na cikin jini ya zama ƙasa. A Afirka ta Yamma kusan kowa haka yake. A cikin baƙar fatar Amurka kimanin kashi biyu cikin uku ne, ana kuma samunsa a tsakanin wasu Larabawa da Yahudawan Yaman. Masu wannan gado lafiyarsu ƙalau, ba su fi kowa kamuwa da cuta ba.

Amma rajistar kulozafin lamba kawai take gani. Baƙin mutum ya zo da jininsa na haihuwa, sai a ce bai kai ba, a hana shi farawa. Wani ya fara ya samu sauƙi, gwaji ya nuna ja, sai a katse masa magani a rubuta sunansa cikin waɗanda aka haramta wa har abada. Nazarin mutum 12,760 a Birtaniya da Ayalan a 1999 ya nuna baƙar fata sun fi faɗawa ƙasa da layin, amma ba su fi Turawa kamuwa da ainihin illar mai kisa ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Cardiff suka gano cewa a cikin 'yan asalin Afirka masu shan maganin, marasa alamar Duffy sun ninka sauran kusan sau 20 wajen samun sakamakon da ake ƙirgawa a matsayin ƙarancin nutirofil. Wannan zalunci ne ko da ba wanda ya nufe shi, kuma ya faɗa a kan mutanen da ciwo ya riga ya raba su da bakin kare kansu.

Gyara ya zo, amma a makare. Birtaniya ta sassauta layin ga masu wannan gado a farkon shekarun 2000. Amurka sai a 2015 ta yarda su fara magani da nutirofil 1,000 maimakon 1,500, kuma kada a tsayar musu sai ya gaza 500. Sannan aka yi gwajin da ya kamata a ce an yi shi tun da daɗewa: Deanna Kelly ta Jami'ar Maryland da abokan aikinta, tare da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba a Legas, suka ba mutum 274 'yan asalin Afirka kulozafin na wata shida. A sakamakon da aka buga a 2024, mutum ɗaya ne nutirofil ɗinsa ya faɗi sosai.

Sassaucin zamaninmu

Annobar korona ta 2020 ta tilasta wani gwajin da ba a shirya ba. Zuwa asibiti ya zama haɗari, sai masana suka ba da shawarar a rage gwajin jini zuwa sau ɗaya a wata uku ga waɗanda suka wuce shekara lafiya. Manyan nazarce-nazarce kuma suka tabbatar cewa bayan shekara ta farko zuwa ta biyu haɗarin yana raguwa ƙwarai. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike masu yawa ya ƙiyasta mutuwa ta wannan hanya a kan mutum 1 cikin kimanin 7,700. An kuma fahimci cewa zura wa jini ido ya sa an yi sakaci da wasu illolin maganin masu kisa, irin su taurin bayan gida da ke kai wa ga toshewar hanji, ciwon huhu, da kumburin tsokar zuciya a makonnin farko.

A Amurka iyaye, musamman mata, suka kafa ƙungiya mai suna The Angry Moms, suna ba da labarin 'ya'yansu da kantin magani ya mayar hannu rabbana saboda sakamakon jini ya makara, ciwo ya dawo. A watan Nuwamba na 2024 kwamitin masu ba FDA shawara ya kaɗa ƙuri'a 14 da 1 cewa a soke tsarin tilas, kuma a watan Fabrairu na 2025 hukumar ta sanar cewa ba sai an nuna sakamakon jini ba kafin a ba da magani, ko da yake ta ci gaba da shawartar likitoci su riƙa gwadawa. A 2025 ɗin dai hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar rage yawan gwajin bayan shekarar farko. Babu wadda ta ce a daina gwajin watannin farko a cikinsu, domin a nan haɗarin yake.

Abin da ya rage gare mu

Wannan illa ba ta kulozafin kaɗai ba ce. Takardun gargaɗi na sauran magungunan taɓin hankali, irin su olanzafin, risferidon da kwetiyafin, duk sun ambaci raguwar fararen ƙwayoyin jini, sai dai abin bai kai na kulozafin yawa ba. Haɗarin yana ƙaruwa idan aka haɗa da wasu magungunan da ke danne ɓargo, kamar kabamazafin na farfaɗiya, Septrin da kuloramfenikol, waɗanda a ƙasarmu ake saye a kemis ba takardar likita.

Kuma alamar farko ta wannan illa zazzaɓi ce, a ƙasar da kowane zazzaɓi ake kiransa maleriya ko taifot. Saboda haka ga iyalan da ke jinyar mai shan irin waɗannan magunguna, musamman a watanni shida na farko: idan ya yi zazzaɓi, ko ciwon maƙogwaro, ko ƙuraje a baki, a kai shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita sunan maganin da yake sha, a nemi a ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa. Kada a tsaya kemis, kada kuma a yanke masa magani da ka, domin katse kulozafin farat ɗaya yana iya dawo da ciwon da ƙarfi. Ga likitocinmu da masu ɗakunan gwaji a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware, Dawanau, Maiduguri da sauran wurare: a gwada jinin majiyyaci kafin a fara, a san adadinsa na asali, a auna shi da ma'aunin mutanenmu. Ga hukumomi kuma, a sauƙaƙa kuɗin gwajin jini ga masu taɓin hankali, domin iyalin da jinya ta riga ta tsotse ba za su iya biyan gwajin mako-mako ba. Kimanin shekara 50 bayan abin da ya faru a Finlan, an san lokacin da haɗarin ke zuwa, an san alamarsa, an san yadda ake tare shi. Bai kamata a sake rasa rai saboda an ƙi gwada jini ba, bai kuma kamata a bar mutum cikin ciwo saboda an ji tsoron maganinsa ba.